Probayotik ba ya warkar da zawon kaji, amma ba garin banza ba ne

Ranar Asabar da ta wuce na je shagon da nake sayen abincin kaji, ina tsaye ina jira a ɗora min buhuna a adaidaita, sai ga wata baiwar Allah ta shigo hankali a tashe. Wai 'yan tsakinta katan biyu ne, kwanansu tara, tun shekaranjiya suke farin kashi yana manne musu a baya, sun cure waje guda sun saki fukafukai, da safen nan kaɗai ta kwashe gawa bakwai. Yaron shagon ko tambaya ɗaya bai yi mata ba, ya miƙa hannu kan kanta ya zaro wata leda mai hoton ƙatuwar kaza ya ce, "Hajiya wannan za ki ba su, probayotik ne, shi ake yayi yanzu, babu kemikal a ciki, kwana biyu za ki ga sun miƙe."

Wani dattijo na zaune a benci, da ganinsa ya daɗe a harkar, sai ya yi tsaki. Ya ce, "Hajiya kar ki zubar da kuɗinki, garin banza ne wannan. Ki sayi antibayotik kala biyu ki haɗa musu a ruwa. Ni tun ranar da suka sauka daga mota nake fara ba nawa."

Abin ya tsaya min a rai har na dawo gida, don a ganina su biyun duk sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da kullum nake ji a bakin masu kiwo ne. Ni dai matsayata ita ce, probayotik, wato rayayyun ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake ba kaza su zauna mata a hanji, yana da amfani na gaske, yana taimaka wa garkuwar jikin kaza ta tsaya da ƙafarta a gaban ƙwayoyin cutar hanji, amma aikinsa kafin cutar ta zo ne. Wanda ya sayar maka da shi a matsayin maganin kazar da ta riga ta kwanta ya cuce ka. Wanda kuma ya ce ka manta da shi ka dinga ɗura wa lafiyayyun 'yan tsaki antibayotik tun ranar farko, shi nasa cutarwar ta wuce kajinka, ta kai har kan 'ya'yanmu.

Abin da kazar Hausa ke ba 'ya'yanta kyauta

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da kaji ya san yadda uwa ke yawo da 'yan tsakinta, tana tona suna tsattsaga, har kashinta ma suna tsinta. Mu ƙazanta muke gani. To ashe a nan ne ɗan tsako ke samun gadon ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin hanjin uwarsa, su shiga su cike masa hanji tun yana ɗan kwana ɗaya biyu.

Ɗan tsakon buroila, wato kajin nama na gona, fa? Inji ne ya ƙyanƙyashe shi, a wurin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyi, bai taɓa ganin uwa ba. Aka saka shi a katan, aka ɗauko shi daga Ibadan a mota ya kwana a hanya, ya iso Kano ko Gusau a gajiye da ƙishirwa. Hanjinsa kamar sabon gidan haya ne da ba kowa a ciki, duk wanda ya riga shiga shi zai kama ɗaki. In Salmonella ce, wata bakteriya mai kawo cutar hanji, ta riga, shi ke nan ta samu gida.

Wannan ba tunanina ba ne. A ƙasar Finlan, farkon shekarun 1970, Salmonella ta addabi gonakin kajinsu, sai wasu masana biyu, Nurmi da Rantala, suka ɗebi abin da ke cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji suka ɗura wa sabbin 'yan tsaki, sannan suka sa musu Salmonella da gangan. Sai ga shi cutar ta kasa zama a hanjin waɗanda aka ɗura wa. A 1973 suka fitar da sakamakon. Wato dai Bature ya sha wahala a ɗakin gwaji ya gano abin da kazar kakata ke yi a bayan rumbu. Probayotik ɗin da ake sayarwa a leda jikan wancan gwajin ne, rayayyun ƙwayoyi ne irin su Lactobacillus da Bacillus subtilis da Enterococcus, wani lokacin da yis, aka busar aka ƙulla.

Me yake yi a cikin hanjin?

A nan nake so in ɗan daɗe, don in mutum ya gane wannan ba wanda zai sake yi masa wayo a shago.

Mu muna ɗaukar hanji a matsayin bututun abinci kawai. Alhali babban kaso na sojojin garkuwar jikin kaza a jikin bangon hanji suka yi sansani. In kin taɓa gyara kaza kin ga wasu 'yan jakunkuna biyu dogaye kusa da ƙarshen hanji, waɗanda in suka fashe wari ya cika kicin, to a bakinsu akwai wasu ƙulle-ƙulle, nan ne babban barikin sojojin. Akwai kuma wata 'yar jaka a saman dubura inda ake horar da ƙwayoyin da ke ƙera makaman garkuwa, ita ce ma cutar Gumboro ke lalatawa, shi ya sa kazar da Gumboro ta taɓa kowace cuta sai ta same ta a arha.

Ɗan tsako yana fitowa da guzurin garkuwa daga gwaiduwar ƙwai, amma guzuri ne, cikin sati biyu zuwa uku ya ƙare. Nasa sojojin kuma 'yan koyo ne, ba su san aboki ba ba su san maƙiyi ba. Abin da ke koyar da su shi ne haɗuwa da ƙwayoyin bakteriya. In masu amfani suka fara zuwa, sojojin su yi atisaye a kansu ba tare da an zubar da jini ba. An ga kajin da aka ba probayotik suna ƙara fitar da wani makami da ake kira IgA, wanda ke fitowa cikin yauƙin hanji ya manne wa ƙwayar cuta ya hana ta kama bango. Yauƙin kansa yana ƙara kauri. Ƙwayoyin da suka yi bangon suna ƙara riƙe juna gam, kuma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su kansu ƙwayoyin masu amfani ba zaman kashe wando suke ba. Suna cinye abincin da Salmonella da E. coli za su ci, suna tare wuraren da za su maƙale, suna fitar da tsami irin wanda ke sa nono ya yi tsami, yanayin da waɗancan ba sa so. Wasu ma har guba suke fitarwa wadda takwarorinsu kawai take kashewa. Kuma in hanjin ya daidaita ana samun wani sinadari, butiret, wanda shi ne abincin ƙwayoyin bangon hanjin.

Amma ga wurin da ya fi burge ni, wanda masu talla ba sa faɗa don bai yi kama da talla ba. Kullum cewa suke "yana ƙara ƙarfin garkuwa", kamar garkuwa wutar murhu ce da za a yi ta tura mata itace. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Guelph ta Kanada, 'yan tsakin da aka ba probayotik sannan aka sa musu Salmonella, ƙwayar cutar ta ragu a hanjinsu, kuma wasu daga cikin saƙonnin da ke kiran yaƙi da kumburi a jiki raguwa suka yi, ba ƙaruwa ba. Ma'ana jikin bai buƙaci ya tayar da hankalin gari ba tunda an tare ɓarawon tun a ƙofa.

Kuma wannan ya shafi aljihunka kai tsaye. Kumburi ba kyauta ba ne. Kazar da hanjinta ke cikin yaƙi kullum, abincin da ka saya da tsada maimakon ya zama tsoka sai ya tafi wajen ciyar da sojoji da gyaran bango. Ita ce kazar da za ka ga tana ci kamar gara amma sati shida ta ƙi nauyi.

"Ai na ba su, kuma suka mutu"

Na ji wannan ya fi a ƙirga, kuma ban ƙaryata kowa ba. Tambayar ita ce yaushe ka ba su, kuma me ke damunsu.

In sai da suka fara zawo ka tuna da shi, to ka zo fafe gora ranar tafiya. Maƙiyi ya riga ya kama ɗakunan, wani lokacin ma ya bar hanjin ya shiga jini da hanta. 'Yan ƙwayoyin da ka zuba a ruwa ba za su bi shi can ba.

Sannan ba kowane zawo ne na bakteriyar da probayotik ke iya takara da ita ba. Kashin jini, wanda ya fi komai tayar mana da hankali in buntu ya jiƙe, koksidiyosis ne, wata halitta ce daban, maganinta daban. Koren kashi da murɗewar wuya, Niyukasil ce, bairos ce, rigakafin Lasota ne maganarta. Farin kashin 'yan tsaki irin na Hajiyar nan kuma yana iya zama wata irin Salmonella da ke biyo ƙwai tun daga uwa, ka ga wannan tun kafin a ƙyanƙyashe shi yana ɗauke da ita, ba maganar probayotik ya riga ta shiga ba ce. Yana kuma iya zama sanyi ne kawai ya kama su ko zafin gawayi ya yi yawa. Duk waɗannan leda ɗaya yaron shago zai ba ka.

Na uku, kuma wannan ya fi ci min rai, mu manta muke abu mai rai muka saya. Lactobacillus ba ya son zafi. Ka ɗauki ledar da ta yi wata da watanni a shagon kwano, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, ba firji ba wuta, me ya rage a ciki? Ni kaina na taɓa sayen wata na ajiye a kan taga, rana na dukanta kullum, na yi ta zubawa ina jiran abin mamaki. Gawa nake ba su. Irin Bacillus ya fi juriya don shi yana ƙulle kansa cikin ƙwanso, har zafin injin da ke dunƙula abincin kaji yana iya tsallakewa, shi ya sa in zan saya yanzu sai na juya bayan ledar na karanta.

Ga kuma masu zuba shi a ruwan famfo mai warin kulorin, ko su haɗa shi a mazubi ɗaya da antibayotik wai don aiki ya yi sauri. Malam ka gayyato baƙi ne ka zuba musu guba a tuwo.

Zan kuma faɗi wata gaskiya ko da ba ta yi wa masu sayarwa daɗi ba. Ko a gwaje-gwajen masana sakamakon ba ɗaya ba ne. Wani nau'in ya yi aiki sosai, wani ɗan uwansa mai kusan suna ɗaya ya tashi a tutar babu. A kan Campylobacter, wadda ke zaune lafiya a hanjin kaza amma take sa mutum gudawa, sakamakon hawa da sauka yake. Don haka kalmar "probayotik" a jikin leda ba ta gaya maka komai ba tukuna, kamar a ce maka "ganye" ne, to zogale ko tumfafiya?

Maganar dattijon benci

Shi hujjarsa mai ƙarfi ce, kar mu raina ta: yana bayarwa tun ranar farko kuma kajinsa suna rayuwa. Mutumin da ya zuba jarinsa kaf a kaji ɗari biyar yana jiran kasuwar Sallah, ba za ka zo masa da dogon Turanci ya saurare ka ba.

Amma Baba, antibayotik ba ya tambayar suna kafin ya yi kisa. A daidai kwanakin da hanjin ɗan tsako ke neman mazauna na kirki, kai kuma kana share gidan kullum. Waɗanda ke tsira su ne masu taurin kai, su hayayyafa, gobe in cuta ta gaske ta zo ka ba da maganin ya ƙi ci. Ai kowa a harkar nan ya san magungunan da shekarun baya cokali ɗaya ya isa, yanzu sai an ninka ana haɗa biyu uku. Ba jabu ne duka ba, ƙwayoyin cutar ne suka gama makaranta.

Kuma ba a keji abin ke tsayawa ba. Kashin kajin nan buhu-buhu ake sayar wa masu lambu, ya tafi kan latas da kabeji da tumatir. Naman da ƙwan kuma, mutum nawa ne a cikinmu ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin magani su cika kafin ya sayar? Mai kajin ƙwai zai zubar da ƙwan sati guda? Mu faɗa wa juna gaskiya. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ban ce kaji ne suka jawo duka ba, shan magani barkatai da mu kanmu muke yi a kemis yana da nasa babban kason. Amma hannunmu na ciki.

Suwidin ta hana saka antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma tun 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta bi sahu a farkon 2006. Kuma kar a ɓoye, sun sha wuya bayan hanin, wata cutar ruɓewar hanji da Clostridium perfringens ke kawowa ta taso musu a gonaki da dama. Ba da leda ɗaya suka shawo kanta ba, sai da suka gyara tsafta da abinci da yawan kajin da ake cusawa a ɗaki da maganin koksidiyosis, probayotik ya shigo a matsayin ɗaya daga cikin kayan aiki. To mu da muke cusa kaji ɗari uku a ɗakin da ya dace da ɗari da hamsin, buntu ya jiƙe warin fitsari na hawa ido, ɓeraye na wasan ƙwallo a kan buhun abinci, kowane baƙo ya shiga da takalminsa ya "ga kaji", wane probayotik ne zai ɗauki wannan kayan?

In kaza ta kamu da cutar bakteriya da gaske, a ba ta antibayotik, wanda likitan dabbobi ya zaɓa, a cika kwanakin. Ban taɓa cewa a bar dabba ta mutu don a burge Turawa ba. In an gama sai a bi da probayotik a mayar da mazaunan da aka kora.

To kindirmo fa?

Wannan tambayar tana burge ni don akwai hankali a cikinta. E, kindirmo da ruwan gasarar koko duk suna ɗauke da ƙwayoyin tsami, dangin waɗancan na leda ne. Na san masu zuba kaɗan a ruwan kaji kuma suna yabawa. Matsalar ita ce ba ka san wane iri ne a ciki ba, ba ka san yawansu ba, na yau daban na gobe daban, kuma ƙwayar da ta saba da ƙwarya ba lallai ta iya zama a hanjin kaza mai zafin digiri 41 ba. Kaza kuma ba ta narkar da sukarin madara sosai, in ka cika hannu kai da kanka za ka sa su zawo. Nonon da ba a dafa ba ma yana iya zuwa da tasa cutar. Ga mazubi in ba a wanke ba, a zafin nan kafin la'asar ya zama wani abu daban.

Ni a nan nake ganin aikin jami'o'inmu. Muna da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, wadda ta fitar da kazar Shika Brown, muna da cibiyar Vom a Filato da ta daɗe tana yin alluran rigakafin kaji, ga tsangayoyin likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kazar Hausa da ke kiwo a bola ta sha ruwan kwata ta kwana a kan bishiya kuma ta wayi gari garau, ai abin da ke cikin hanjinta dukiya ce. A ware masu amfanin, a gwada su a kan irin cututtukanmu da irin zafinmu, a ƙulla mana a farashin da mai katan biyu zai iya saya. Ya fi mu yi ta sayen wanda aka yi don ƙasar da ake ƙanƙara.

Hukumar NAFDAC kuma, lambar rajista a jikin leda ba ta isa ba in abin da ke ciki mai rai ne. A riƙa ɗaukar samfur daga shagunan kasuwa, ba daga ofishin kamfani ba, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage da rai. Sannan a daina barin kowa ya sayi antibayotik ɗin kaji kamar yana sayen magi.

Maganar tsada kuma ba zan daɗe a kai ba. Wanda ya iya sayen antibayotik kala biyu ya ba lafiyayyun kaji na kwana biyar, kuɗin probayotik ba zai gagare shi ba.

Hajiyar nan dai na bi ta waje kafin ta hau adaidaita. Na ce Hajiya don Allah ki yi haƙuri da shisshigi, ki ɗauki biyu daga cikin waɗanda suka mutu da safen nan da ɗaya mai rai da ke jin jiki, ki kai asibitin dabbobi a buɗe a gani, ki ware marasa lafiyan, ki duba zafin ɗakin da dare. Ta ce to ledar fa, ta riga ta biya. Na karɓa na juya bayanta, Bacillus ne, kwanan watansa da saura. Na ce ki ajiye a inuwa, in an gama ba su maganin da likita ya rubuta ki fara zuba musu, katan na gaba kuma tun ruwan farko.

Ta ce, "Wai ni da na zo neman magani sai a ce in kai gawa asibiti?" Na ce haka ne Hajiya. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta tambaye ni kwatancen asibitin.